Ɗan Aike Ba Ya Ƙara Gishiri: Darasin Da Na Koya Wajen Haɗa Wa Baba Magatakarda a Kwamfuta



  

Yau so nake mu tattauna a kan wata 'yar masarrafa da na haɗa da hannuna, wadda ta jawo wa mahaifina asarar naira 140,000 a ciniki ɗaya, amma duk da haka nake ganin ya kamata samarinmu su koyi haɗa irinta. Na san mai karatu zai ce, wannan yaro ko lafiyarsa ƙalau? A yi mini haƙuri a bi ni sannu a hankali, in an ji ƙarshen zancen sai a yanke mini hukunci.

Matsalarmu da akwatin rubutu

Mahaifina ɗan kasuwar wake ne a Bodija. Yana jin Yarbanci kamar a nan aka yanke masa cibiya, lissafi kuwa kafin ka taɓa kalkuleta ya ba ka amsa, bashin da yake bi da wanda ake bin sa duk suna rubuce da ajami a littafinsa. Abu ɗaya ne ke tsayar da shi, wato ɗan farin akwatin nan da ke shafukan intanet, wanda wani ɗan layi ke ta ƙiftawa a cikinsa yana jiran a rubuta Turanci. Mai karatu ya san akwatin da nake nufi. Shi ne a Gmail, shi ne a WhatsApp na kwamfuta, shi ne a fom ɗin banki da na rajistar kasuwanci da na makarantar yara. A da ciniki da baki ake yi, a sha hannu a rabu. Yanzu kuwa manyan masu saye, irin masu otal da masu dafa wa makarantun kwana abinci, sai su ce maka a rubuce suke so.

Wannan buƙata ba yau ta fara ba. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a nan Sabo a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 a kan yadda iyayenmu suka riƙe fataucin goro da na shanu. Abin da ya gano shi ne abin da kowane ɗan Sabo ya tashi ya tarar: bashi da amana su ne jarin wannan fatauci, kuma maganar maigida ita ce takardar yarjejeniya. Masu gidan nan suna da malamansu masu riƙe musu lissafi da rubutu. Kenan magatakarda tsohon abu ne a wurinmu. A gidanmu dai ni ne na gaji wannan kujera, ba don komai ba sai don ni ne na gama sakandare.

To ni ma Turancin nawa na sakandare ne. Ina karantawa in fahimta, amma in aka ce in tsara wasiƙar kasuwanci sai in yi rabin awa ina rubutawa ina gogewa. Da ChatGPT ya fito a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, kuma ire-irensa suka biyo baya, sai na samu sauƙi. Sai dai akwai wahalar kwafo rubutu daga wannan shafi, a kai wancan, a jira amsa, a sake kwafowa a dawo da ita. Shi ne na ce, me zai hana a kawo wannan ƙirƙirarriyar basira cikin akwatin rubutun kansa?

Yadda ake haɗa ta

Ga wanda bai sani ba, masarrafar lilo, wato burauza, ita ce irin su Chrome da Firefox da Edge, waɗanda muke buɗe shafukan intanet da su. Ana iya maƙala musu wasu ƙananan masarrafai da ke ƙara musu aiki, masu sana'ar suna ce musu ekistenshan, ni kuwa 'yar maƙale nake ce mata. Wanda ya taɓa amfani da Grammarly, mai ja wa mutum layi a ƙarƙashin kuskuren Turancinsa, ya san irin abin. Kamfanin Google ma da kansa ya sanya mataimakin rubutu a cikin Chrome a watan Fabrairun 2024, amma da Turanci ya fara, kuma a Amurka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, haɗa 'yar maƙale ba ya buƙatar digiri. Fayil uku ne ginshiƙinta. Na farko sunansa manifest.json, shi ne kamar katin shaidarta: yana ɗauke da sunanta, da aikinta, da irin izinin da take nema a wurin burauza. Na biyu shi ne wanda ake sakawa ya shiga cikin shafin da kake kallo, ya nemo akwatin rubutu, ya ɗauko abin da ke ciki, ya kuma mayar da amsa. Na uku yana zaune ne a bayan fage, shi ne ɗan aiken da ke ɗaukar rubutun ya kai wa babbar kwamfutar kamfanin da ke da basirar, ya karɓo amsa. Biyun ƙarshen nan da yaren JavaScript ake rubuta su. Ni a bidiyoyin YouTube na koya, inda na maƙale kuma sai in tambayi ita basirar kanta ta yi mini bayani. Gwaji kyauta ne, domin Chrome yana da wani saiti na masu gina masarrafa da zai ba ka damar loda abinka kai tsaye daga kwamfutarka. Sai in za ka kai ta shagon Chrome don jama'a su sauke ne za ka biya dala 5 na rajista, sau ɗaya tak.

Inda na sha wuya shi ne akwatunan kansu. A ido duk iri ɗaya suke, amma a ciki kala uku ne. Akwai mai layi ɗaya, irin wanda ake rubuta suna. Akwai mai faɗi, irin na rubuta bayani. Waɗannan biyun ba su da rigima sosai. Sai na uku, irin na Gmail da Facebook da WhatsApp na kwamfuta, wanda asalinsa wani yanki ne na shafin aka ba shi damar karɓar rubutu. Wasu shafukan suna riƙe da nasu lissafin abin da ka buga a ɓoye. In ka cusa rubutu da ƙarfi, za ka gan shi a ido, amma shafin bai san da zamansa ba. Kana matsa aikawa sai ya tafi fanko, ko tsohon rubutun ya dawo. Sai ka yi dabarar sanar da shafin kamar yatsun mutum ne suka buga. Wannan kaɗai ya ci mini kusan mako biyu, ina yi da dare bayan an tashi kasuwa, in an ɗauke wuta in jira.

Sai batun kuɗi. Kamfanonin nan suna ba ka wani dogon mabuɗin sirri da masarrafarka za ta riƙa shiga da shi, suna kuma cajin ka da dala gwargwadon gutsattsarin kalmomin da ka aika da waɗanda aka dawo maka da su. A nan ma mu ne a ƙasa, domin ana daddatsa kalmar Hausa gida-gida fiye da ta Turanci, saboda haka saƙo ɗaya ya fi tsada in da Hausa ne. Gargaɗi ga mai son gwadawa: kada ka kuskura ka rubuta mabuɗin nan a cikin 'yar maƙalen sannan ka raba wa abokai. Duk wanda ya sauke ta zai iya buɗe cikinta ya gani, ya yi ta cin kuɗinka kana barci.

Da na gama, ga yadda take aiki: in rubuta Hausa a akwati, in matsa wani ɗan maɓalli, Hausar ta ɓace, Turanci ya maye gurbinta. Umarnin da na ɗora mata a ciki shi ne, ki mayar da wannan zuwa kyakkyawan Turanci irin na ƙwararrun 'yan kasuwa. Ranar da ta fara aiki sai da na kira ƙannena su zo su gani. Ban san a cikin umarnin nan na binne wa kaina tarko ba.

Ranar da ta ƙara gishiri

A 2024 ne, shekarar da wake ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya tuna. Akwai wata mata a Legas mai dafa wa wata makaranta abinci, ta daɗe tana saye a wurin Baba. Ta aiko da imel tana neman buhu 20. Na karanta wa Baba, ya ce, "Ka gaya mata idan mota ta iso ranar Alhamis za mu duba mata, in Allah ya yarda. Batun kuɗi kuma, yadda muka saba."

Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan magana ya san ba a ƙulla komai ba tukuna. Akwai sharaɗin isowar mota. "Za mu duba" na nufin za a yi ƙoƙari. "Yadda muka saba" kuwa, a tsakaninsu, yana nufin farashin ranar da kaya suka sauka, domin haka suke yi tun asali. Na buga maganar yadda ya faɗa, na matsa maɓalli. Turanci ya fito sumul, har da gaisuwa da godiya. Na bi shi da ido sau ɗaya, ya burge ni, na aika.

Abin da saƙon ya ce shi ne, muna tabbatar miki da buhu 20 ranar Alhamis a kan farashinmu na kullum. Sharaɗin mota ya ɓace. In Allah ya yarda ya ɓace. Za mu duba ya koma mun tabbatar. Matar nan ba ta yi laifin komai ba, ta duba kuɗin da ta biya a cinikin baya, ta turo kuɗin buhu 20 cif a ranar. Mota ba ta iso ba sai Asabar, kuma kafin nan buhu ya ƙaru da naira 7,000.

Na je na samu Baba jikina a sanyaye, na ce masa injin ne ya yi kuskure, bari in rubuta mata in yi bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da sunan wa saƙon ya tafi?" Na ce, "Da sunanka, Baba." Ya ce, "To ai na faɗa ke nan." Ya sa aka loda mata buhu 20 a tsohon farashi. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da dare bayan mun ci abinci ya ce, "Malamin da ke yi wa kakanka rubutu, in ya gama sai ya karanta masa abin da ya rubuta, kakanka ya ce haka ne, sannan a rufe takarda. Kai naka malamin ya karanta maka?"

Jama'a, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mutumin da bai taɓa riƙe ɓeran kwamfuta ba, shi ya nuna mini inda masarrafata ke yoyo.

Me ya sa take yin haka?

Ya kamata mu fahimci cewa wannan basira ba da gangan take ƙarya ba. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, aikinta kuma shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Wasiƙun kasuwanci na Turanci da ta saba gani cike suke da tabbaci da rana da adadi. Ni kuma na ce mata ta yi irin na ƙwararru. Sai ta ga kaffa-kaffar Baba a matsayin rauni da ya kamata a gyara, ta goge. Alhali wannan kaffa-kaffa ita ce garkuwar ɗan kasuwar da kayansa ke tafiyar kwana da kwanaki a kan hanya daga Dawanau, ga lalacewar mota, ga shingayen hanya, ga farashin da ke sauyawa kafin wayewar gari.

Sannan ga harshenmu na kasuwa. In ka taya kaya aka ce maka "albarka", ka san an ƙi tayin ne, amma mai fassara kalma da kalma zai zaci addu'a aka yi maka. "Na sallama" ciniki ya faɗa. "Sai ka ji ni" wani lokacin a'a ce cikin ladabi. Mu ma muna da namu laifin, domin yadda muke rubutu a waya ba ma sa lanƙwasa, ba ma raba kalmomi. Baki da baƙi duk ɗaya muke rubuta su, haka kafa da ƙafa, haka kara da ƙara. Mafi haɗari a wurin ɗan kasuwa shi ne "bashi" da "ba shi". Ka rubuta "bashi buhu biyar", shin a miƙa masa buhu biyar kake nufi, ko bashin buhu biyar ake bin sa? Ɗan uwanka zai gane daga yanayin zancen, in bai gane ba ya kira ka. Inji kuwa zai zaɓi ɗaya ya wuce, kuma da irin ƙarfin gwiwar da zai rubuta daidai, da shi zai rubuta kuskure.

Gyaran da na yi

Ban jefar da ita ba, na koma na sake mata tsari. Da farko, ta daina goge Hausar da na rubuta. Turancin yana fitowa ne a wani ɗan allo a gefe, ba ya shiga akwati sai na amince. Na biyu, na sanya mata karatun da Baba ya ce. In Turanci ya fito, sai ta sake aika shi shi kaɗai, ba tare da asalin Hausar ba, a mayar da shi Hausa. Wannan Hausar ta biyu ita nake karanta wa Baba da baki, ya ce haka ne ko ba haka ba ne. Na uku, lambobi. Wannan ba ya ma buƙatar wata basira: masarrafar da kanta take tsamo duk wata lamba da ke cikin Hausar da wadda ke cikin Turancin ta gwada, in wata ta ƙaru ko ta ɓace sai ta nuna ja. Na huɗu, na sauya umarnin. Yanzu cewa nake, kada ki ƙara, kada ki rage, duk inda aka sa sharaɗi ki bar shi, in magana tana da fuska biyu ki tambaya. Na kuma jera mata kalmominmu na kasuwa da ma'anarsu. Na biyar, ba ta da ikon matsa aikawa. Wannan aikin yatsan mutum ne.

Ba zan ce ta daina kuskure ba. Injin da ya karkace wajen tafiya yana iya karkacewa wajen dawowa, har kuskure biyu su rufa wa juna asiri. Amma da tsarin nan ne a ranar wake, da na karanta wa Baba "mun tabbatar miki", da tun kafin in rufe baki ya tsayar da ni.

Amanar abin da take gani

Akwai haɗari na biyu, kuma a ganina ya fi na farko. Masarrafar da ke iya rubutu a akwatinka tana iya karanta abin da ke cikinsa. Yawancin 'yan maƙalen da ke wannan aiki suna neman izini mafi faɗi, shi ya sa lokacin sauke su Chrome ke gargaɗin cewa za su iya karantawa da sauya bayananka a dukkan shafuka. Mu kuwa ba ma karanta gargaɗi, sai mu matsa amincewa mu wuce. Dukkan shafuka fa ya haɗa da na bankinka, da inda kake buga kalmar sirri, da lambar BVN da ta NIN, da hirarka da iyalinka.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A watan Maris na 2023 masu bincike na kamfanin Guardio sun gano wata 'yar maƙale ta bogi a cikin shagon Chrome, ta fake da sunan ChatGPT tana sace wa mutane shafukansu na Facebook. A watan Disamba na 2024 kuma 'yan dandatsa sun yaudari ma'aikacin wani kamfanin tsaron bayanai mai suna Cyberhaven, suka sauya 'yar maƙalen kamfanin da gurɓatacciya, daga baya aka gano an yi wa wasu da dama irin wannan. Darasin a nan shi ne, 'yar maƙale tana sabunta kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Wadda ke da gaskiya yau tana iya wayar gari a hannun ɓarawo.

Shi ya sa tawa na ba ta izini mafi ƙanƙanta, wanda ake kira activeTab. Ba ta ganin komai sai na kira ta, kuma shafin da nake kai kaɗai take gani. Na hana ta taɓa akwatin kalmar sirri. Duk doguwar lamba mai kama da ta asusun banki ko ta waya, tana rufe ta kafin rubutu ya fita, ta mayar da ita bayan amsa ta dawo. Domin ko da masarrafar mai gaskiya ce, duk abin da ka aika ya bar kwamfutarka ya tafi wata ƙasa. Kamfani kamar Samsung ma sai da ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan basirori a 2023, bayan an zuba bayanan cikin gida a ciki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, abu ne mai kyau, amma doka ba ta dawo da sirrin da ya riga ya fita. Ina jan hankalin 'yan uwana masu shagon kwamfuta da ke cike wa mutane fom: bayanan da ke bi ta hannunku amanar wasu ce, kuma mafi yawan masu kawo muku ba su san me ke maƙale a burauzarku ba.

Ga masu ja da ni

Wani abokina ya ce duk wannan wahalar banza ce, tunda kowa na da waya zai iya tambayar ChatGPT kai tsaye. Yana da gaskiya ta wani gefe. Akasarin mutanenmu da waya suke aiki, kuma Chrome na wayar Android ba ya karɓar 'yar maƙale, sai dai irin su Firefox da ya buɗe wannan ƙofa sosai a watan Disamba na 2023. Saboda haka abin ya fi amfani ga mai shago da kwamfuta, da sakataren ƙungiya, da mai cike fom. Amma ina so abokina ya lura, kwafa da liƙawa ba su da mai tsaro. Babu mai gwada maka lambobi, babu mai tilasta maka karatu na biyu, babu mai rufe lambar asusun abokin cinikinka. Da na fara, sauƙi na je nema. Yanzu na gane babban amfanin haɗa taka shi ne kai ke kafa mata doka.

Wani dattijo kuma ya ce wannan zai sa yara su daina koyon Turanci. Wannan tsoro yana da tushe, ni ne ma shaida, domin raunin karatuna ne ya sa Turanci mai santsi ya ruɗe ni. Wanda ba ya iya karanta abin da aka rubuta da sunansa, yana hannun magatakarda, mutum ne ko inji. Sai dai tun da na fara ganin Hausa da Turanci gefe da gefe kullum, na koyi kalmomin ciniki da ban koya ba a shekara shida ta sakandare. Ya danganta da yadda aka tsara abin: wadda ke ɓoye maka aikin za ta kashe maka zuciya, wadda ke nuna maka za ta koyar da kai.

Akwai masu cewa mu jira manyan kamfanoni, za su yi wadda ta fi tamu. Za su yi, kuma Hausar injinan nan tana ƙara kyau. Google Translate ya sanya Hausa tun 2013, a watan Satumban 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wata basira da aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ke zaune a Kalifoniya bai san me "albarka" ke nufi a bakin mai wake ba, bai kuma san cewa a wurinmu saƙo ɗaya da ya karkace yana iya ɓata sunan da mutum ya yi shekara talatin yana ginawa a garin da ba nasa ba. A gida in ka yi kuskure akwai dangi da za su tsaya maka. A nan kurmi sunanka shi ne danginka.

Kammalawa

Kirana ga samarinmu shi ne, mu daina ganin wannan fanni kamar na wasu ne. Wanda ya iya gyaran waya a bakin titi zai iya koyon JavaScript. Ku fara da ƙaramin abu, ku gwada a kan saƙonnin da ba su da nauyi kafin ku kai ga na kuɗi, kada ku yi irin gaggawata. Ku zauna da iyayenmu a rumfa ku rubuta kalmomin sana'arsu, na goro daban, na shanu daban, na gwari daban, na canji daban, domin wannan jeri shi ne abin da babu wani kamfani da zai kawo mana. Wanda kuma ba zai haɗa ba, sauke ta wasu zai yi, to ya tsaya ya karanta izinin da take nema, ya kuma cire duk wadda ba ya amfani da ita.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, ta takarda ma ta fi, domin ana ajiye ta a nuna maka gobe. Yanzu a rumfarmu, duk saƙon da za a aika, Baba zai gyara zama ya ce, "To, karanta min abin da malamin naka ya ce na ce." Wani lokacin ya ce haka ne, wani lokacin ya ce a sake. Matar nan ta Legas har yau a wurinmu take saye, kuɗin nan kuwa ina biyan Baba da kaɗan-kaɗan daga abin da nake samu, ko da yake bai taɓa tambayata ba.

Wanda ya ga gyara a cikin abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take, domin ni ma ɗalibi ne. Allah ya sa mu dace, ya kare mana mutuncinmu a duk inda muke.

Wassalam.

Naku,
Ɗan mai wake, daga Sabo, Ibadan.